ICE, DHAP ko GDP: wane kemo ya fi dacewa kafin dashen ɓargo idan limfoma ta dawo?

Idan limfoma, wato sankarar da ke kama kaluluwa, ta sake tasowa bayan an gama kemo na farko (magungunan kashe ƙwayoyin sankara), likita ba zai maimaita maganin da aka sha a baya ba. Cutar ta riga ta saba da shi. Ban da haka, doksorubisin da ke cikin R-CHOP da ABVD, haɗe-haɗen kemon da aka saba farawa da su, yana da iyakar da zuciya za ta iya ɗauka tsawon rayuwar mutum. Abin da aka saba yi wa mai sauran ƙarfi a jika, wanda bai wuce shekara 65 zuwa 70 ba, aiki ne hawa biyu. Da farko a ba shi wani sabon haɗin kemo zagaye biyu ko uku don a danne cutar. In ta ji magani, sai a ɗebi ƙwayoyin tushen jini daga jikinsa a adana, a ɗura masa kemo mai tsananin ƙarfi da zai shafe ɓargonsa, sannan a mayar masa da ƙwayoyin nasa. Kamar dai manomin da ya ware iri ya ɓoye a rumbu kafin ya banka wa gona wuta. Dashen ɓargo ake ce da shi, amma ba tiyata ba ce, kuma ba na wani ake sa masa ba, nasa ne.

Hawan farkon nan shi ne inda zaɓi yake, kuma sunaye uku ne suka fi yawo a bakin likitoci: ICE, DHAP da GDP. In limfomar ta ƙwayoyin B ce, kamar nau'in DLBCL da ya fi kowanne yawa a manya, ana haɗawa da rituksimab, sai a sa harafin R a gaban sunan.

Hujjar yin dashen ta tsufa. Binciken PARMA da aka wallafa a 1995 ya ba majinyata DHAP zagaye biyu, ya raba waɗanda cutarsu ta ji magani gida biyu. Bayan shekara 5, kashi 46 cikin 100 na waɗanda aka yi wa dashe suna nan cutar ba ta dawo ba, a ɗaya gidan kuwa da aka ci gaba da kemo kawai, kashi 12 ne. Wannan bincike ya kuma kafa sharaɗin da har yau ake bi, cewa dashe na wanda cutarsa ta ja da baya ne. Wanda ta ƙi motsi, dashen ba zai tsinana masa abin kirki ba. Saboda haka aiki uku ake nema wajen wannan kemo. Ya danne cutar, ya bar ɓargo da isassun ƙwayoyin da za a ɗiba, kuma kada ya illata ƙoda ko wata gaɓa har a ce majinyaci ba zai jure dashen ba. Na ukun nan shi aka fi mantawa da shi, alhali shi ne yake rarrabe haɗin uku.

Ta fuskar ƙarfi kam, duk kanwar ja ce. An gwada R-ICE da R-DHAP gaba da gaba a binciken CORAL, wanda likitocin Faransa suka jagoranta, aka wallafa a 2010, da majinyata 396. Bayan zagaye uku, cutar ta ja da baya a kashi 63.5 na masu R-ICE da kashi 62.8 na masu R-DHAP. Kusan rabin mutanen ne kawai suka kai ga dashe. Bayan shekara 3, kashi 47 na gidan farko suna raye, kashi 51 na gida na biyu, ratar da masu lissafi suka ce ba ta kai a kafa hujja da ita ba. Daga nan likitocin Kanada suka kawo binciken LY.12 a 2014, da mutum 619, suka haɗa GDP da DHAP. Cutar ta ja da baya a kashi 45 da kashi 44. Waɗanda suka kai ga dashe kashi 52 da kashi 49.

Kada wani ya ɗauki 63 na CORAL ya ajiye kusa da 45 na LY.12 ya ce ai ICE ya fi GDP. Mutanen da aka ɗiba a binciken biyu ba iri ɗaya ba ne, na Kanada ya haɗa da wasu nau'o'in limfoma masu taurin kai, kuma DHAP ɗin da ya ci 63 a can, 44 ya ci a nan. Ba a yi wani babban gwaji da ya haɗa ICE da GDP kai tsaye ba.

DHAP shi ne dattijon cikinsu, daga cibiyar MD Anderson ta Amurka ya fito a 1988. Deksametason ne na kwana 4, da sisplatin mai yawa, da saitarabin mai yawa. Dole a kwanta asibiti. Sisplatin ɗin awa 24 yake ɗauka yana shiga jijiya a hankali, ga lita-lita na ƙarin ruwa kafinsa da bayansa, ana auna duk fitsarin da majinyaci ya yi a rubuta. Washegari a sa saitarabin sau biyu, tsakaninsu awa 12. Za ka ga ma'aikaciyar jinya ta miƙo biro da takarda ta ce ya sa hannu, ko ya taɓa hancinsa da yatsa, kafin ta ɗaura maganin. Ba don wasa take yi ba. Saitarabin mai yawa yakan taɓa sashen ƙwaƙwalwar da ke daidaita tafiya da motsin hannu, musamman ga mai shekaru ko mai raunin ƙoda, kuma rubutun da ya fara karkacewa shi ne alamar farko. Akwai kuma maganin ɗigawa a ido sau da yawa a yini, don saitarabin yana fita ta hawaye ya sa ido ya yi ja yana zogi.

Babbar illar DHAP tana kan ƙoda da kunne. A CORAL, mummunar matsalar ƙoda ta sami kashi 6 na masu R-DHAP, kashi 1 na masu R-ICE. Ƙarin filatilet, ƙwayoyin da ke tsayar da zubar jini, kashi 57 suka buƙata a gidan DHAP, kashi 35 a gidan ICE. Jin da sisplatin ya rage kuwa sau da yawa ba ya dawowa, ya bar mutum da ƙara a kunne kamar kukan gyare. Shi ya sa wasu cibiyoyi, musamman a Faransa, suke cire sisplatin su sa okzaliplatin ko kaboplatin a madadinsa. To me ya rage wa DHAP? Wani nazari da aka yi kan tsokar majinyatan CORAL a 2011 ya nuna cewa masu reshen DLBCL da ake kira GCB sun fi samun sauƙi da R-DHAP: kashi 52 cutarsu ba ta ci gaba ba bayan shekara 3, a kan kashi 31 na R-ICE. Nazari ne na waiwaye, ba don wannan tambaya aka tsara gwajin ba, amma likitoci da dama suna la'akari da shi. ESHAP, wanda ake yawan amfani da shi a Sifaniya, ƙanin DHAP ne. An raba sisplatin ɗinsa kwana 4, an ƙara itoposaid, kwanciyar asibiti ta fi tsawo.

ICE kuwa a asibitin Memorial Sloan Kettering na New York aka raine shi, kuma tun farko don shirin dashe aka tsara shi. Ifosfamaid ne da kaboplatin da itoposaid, cikin kwana 3, yawanci a gadon asibiti, ko da yake wasu wurare suna rarraba ifosfamaid ɗin don majinyaci ya riƙa kwana a gida. Falalarsa ita ce kaboplatin, wanda ya fi sisplatin sauƙi a kan ƙoda da kunne, kuma gwargwadon aikin ƙodar mutum ake auna shi. Matsalarsa ifosfamaid. Yana ƙona bangon mafitsara har a ga jini a fitsari, don haka ba a taɓa ba da shi sai tare da mesna, maganin da ke kare ta. Yakan kuma ruɗa ƙwaƙwalwa: barci mai nauyi, sambatu, gane-gane, wani lokaci har suma. Masu jinya da ba a yi wa bayani ba sukan tsorata su ɗauka iska ce ta taɓa shi. Galibi yakan warware cikin 'yan kwanaki in an tsayar da maganin. Waɗanda suka fi shiga wannan haɗari su ne masu ƙarancin sinadarin albumin a jini, wato waɗanda cuta ta ramar, da masu raunin ƙoda. Akwai wani abu da ya shafe mu a nan. Maganin da akan ba wanda ifosfamaid ya ruɗa, metilin bulu, yana farfasa jinin mai ƙarancin sinadarin G6PD, kuma wannan ƙarancin gado ne da ya yawaita a mazan Afirka ta Yamma. Gwaji ne mai sauƙi, a yi shi tun kafin zagayen farko. ICE yana kuma kwantar da ƙwayoyin jini sosai, shi ya sa ake bin sa da allurar filgrastim mai tayar da fararen ƙwayoyi. Kuma kada a ɗauka ifosfamaid ɗin ba ruwansa da ƙoda, shi ma yana taɓa ta.

Sai GDP: jemsitabin a rana ta 1 da ta 8, deksametason na kwana 4, sisplatin a ranar farko, amma miligiram 75 ga kowace murabba'in mita ta faɗin jiki, ba 100 irin na DHAP ba. Ana maimaitawa duk kwana 21. Mutum ya zo da safe, ya wuni ana ƙarin ruwa, ya koma gida da yamma. A LY.12 aka ga inda ya yi zarra. Illa mai tsanani ta sami kashi 47 na masu GDP, kashi 61 na masu DHAP. Zazzaɓin da ke zuwa lokacin da fararen ƙwayoyi suka faɗi ƙasa, wanda yana cikin illolin magani mafi haɗari ga rai a wannan mataki, kashi 9 a kan kashi 23. Kwanciya asibiti kashi 47 a kan kashi 99. Duk da haka adadin da suka kai ga dashe bai ragu ba, ƙwayoyin da ake ɗiba ma ba su ragu ba.

A ganina, in babu wani dalili na musamman, R-GDP ya kamata a fara dubawa, kuma wanda ya zaɓi wani sai ya faɗi hujjarsa. Ba domin ya fi ƙarfi ba, bai fi ba. Domin dai yana kai majinyaci bakin ƙofar dashe da sauran ƙarfinsa. Kuma a asibitin da samun filatilet sai an yi ta cigiyar mai bayarwa da injin tacewa, gado sai an jira, bambancin kashi 9 da 23 ba lissafin takarda ba ne. Akwai masu ɗaukar cewa maganin da ya fi jigata mutum shi ya fi aiki. Alƙaluman nan ba su goyi bayansu ba.

Amma GDP ba na kowa ba ne, tunda sisplatin na cikinsa. Mai raunin ƙoda, ko wanda jinsa ya fara raguwa, ko wanda binkristin na R-CHOP ya bar masa mutuwar yatsu da tafin ƙafa, ICE ya fi masa, ko a musanya sisplatin da kaboplatin. Mai raunin zuciya da ba zai ɗauki ruwa mai yawa ba, DHAP ne mafi wuya gare shi. Mai ciwon suga ya san cewa deksametason miligiram 40 kullum na kwana 4, wanda ke cikin GDP da DHAP, zai harba sugansa sama, sai an shirya insulin; ICE ba a gina shi kan wannan maganin ba. Wanda gidansa ke nesa da asibiti, ko ba shi da mai kula da shi da dare, sauƙin komawa gida na GDP zai iya zame masa tarko, domin tsakanin kwana 7 zuwa 14 bayan magani garkuwar jiki take faɗuwa, kuma zafin jiki na digiri 38 a wannan tsakani na garzayawa asibiti ne a take, ba na shan farasitamol ko maganin maleriya a jira gari ya waye ba. Duk haɗin da aka zaɓa, a yi nesa da ibufurofen da dikulofenak da allurar jentamaisin da jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke cikinsu ba, don duk suna ƙara wa ƙoda nauyi. Azumi ma a kwanakin sisplatin ko ifosfamaid haɗari ne, jiki ruwa yake nema.

Akwai abin da ya fi sunan haɗin tasiri nesa ba kusa ba, shi ne lokacin da cutar ta dawo. A CORAL, waɗanda cutarsu ta dawo cikin wata 12 da gano ta, kashi 20 ne suka kai shekara 3 lafiya lau, waɗanda ta jinkirta kuwa kashi 45. Waɗanda suka taɓa shan rituksimab kashi 21, waɗanda ba su taɓa ba kashi 47. Wato ga wanda R-CHOP bai riƙe shi ko shekara guda ba, ICE da DHAP da GDP duk ƙarfinsu kaɗan ne. Wannan giɓi ne maganin CAR-T ya shigo ya cike. Ana ɗibar ƙwayoyin garkuwar majinyaci a sauya musu halitta a ɗakin gwaji don su farauci cutar. A binciken ZUMA-7 mai mutum 359, duk masu cutar da ta ƙi jin magani ko ta dawo cikin shekara, rabin masu CAR-T sun wuce wata 8.3 ba tare da koma-baya ba, rabin masu kemo da dashe kuwa wata 2 kacal. Bayan shekara 4, kusan kashi 55 suna raye a kan kashi 46. Binciken TRANSFORM ya nuna irin haka, na uku mai suna BELINDA bai ga bambanci ba. Amurka ta amince da shi a matsayin magani na biyu a 2022. Kuɗinsa fa? Dala 373,000 aka sa wa wanda aka gwada a ZUMA-7 lokacin da ya fito kasuwa a 2017, ban da kuɗin asibiti. Indiya ta amince da nata na gida, NexCAR19, a 2023, kuma ya fi araha ƙwarai, sai dai har yanzu ba na kowane aljihu ba ne. Ga wanda cutarsa ta dawo bayan shekara guda, tsohuwar hanyar kemo da dashe tana nan daram, ita ce ta farko. Ga wanda ta dawo da wuri kuma CAR-T ya fi ƙarfinsa, ita ce dai hanyar, amma a shiga ido buɗe, kuma a tsayar da abin da za a yi in zagaye biyu sun wuce cutar ba ta motsa ba.

Limfomar Hodgkin, wani nau'in limfoma na daban, labarinta ya fi daɗin ji. Ana amfani da haɗin ukun nan, da wasu irin su IGEV da BeGEV na Italiya, kuma ba a yi babban gwajin da ya ɗora ɗaya a kan sauran ba. Abin da ya fi muhimmanci shi ne hoton PET, mai nuna inda cutar ke da sauran rai a jiki, ya fito tas kafin dashe. A wani binciken Memorial Sloan Kettering na 2012, fiye da kashi 80 na masu hoto mai tsabta sun ci gaba da zama lafiya, masu sauran cuta a hoto kuwa ƙasa da kashi ɗaya bisa uku. Sababbin magunguna sun sauya lissafi a nan. Da aka haɗa fembrolizumab da haɗin kemo na GVD, cutar ta ɓace daga hoto a kashi 95 na majinyata, a wani ƙaramin bincike na 2021. Mai hali ya tambayi wannan. Marar hali kada ya karaya, GDP da ICE sun kai mutane da yawa masu Hodgkin ga waraka.

Kafin a sa ɗigon farko, akwai abubuwan da tsallake su kan ɓata duk shirin. A sake yanko tsoka daga kumburin a gwada, kada a dogara da hoto kawai. Tarin fuka na kaluluwa yana kama da limfoma a hoto, kuma cutar da ta dawo wani lokaci ba irin ta farko ba ce. A gwada ciwon hanta nau'in B, har da gwajin da ke nuna an taɓa kamuwa an warke, domin rituksimab yana tayar da ƙwayar cutar da ta kwanta, ta lalata hanta. A Najeriya binciken ƙasa na 2018 ya sami cutar a kusan kashi 8 na manya, don haka ba abin da za a ce sai an yi rashin sa'a ba ne. Entekabir ko tenofobir suna karewa, ana fara su kafin kemo a ci gaba har watanni bayan an gama. A gwada HIV. Mai ɗauke da ita da ke shan magani yadda ya kamata ana yi masa dashe kamar kowa. A san rukunin jini game da sikila, domin filgrastim yana da haɗari ga mai cutar sikila. Sai maganar haihuwa, wadda kunya kan hana a ɗauko ta. Kemon da ake bayarwa dab da dashe, BEAM, yakan kashe haihuwa ga mafi yawan maza da mata da yawa, kuma ICE ma yana fara ɓarnar tun kafin a kai can. Mai son adana maniyyi ko ƙwai, yanzu ne lokacinsa, kafin zagayen farko.

Ɗibar ƙwayoyin kan zo ne bayan zagaye na biyu ko na uku, daidai lokacin da ɓargo ke farfaɗowa. Ana yin allurar filgrastim kullum, ƙasusuwan baya da ƙugu su yi ta ciwo, alamar ɓargo na aiki ke nan. Sai a haɗa mutum da injin da ke jan jini ta wannan bututu ya mayar ta wancan, awa 4 ko 5, yana tace abin da ake so cikin wata 'yar jaka. Mafi ƙarancin abin da ake nema shi ne ƙwayoyin tushen jini, waɗanda ake kira CD34, miliyan 2 ga kowane kilo na nauyin jiki. A CORAL kusan mutum 1 cikin 10 bai samu isassu ba, a gidajen biyu duka. Akwai allurar fileriksafo da ke taimakawa, sai dai da tsada. Kuma duk zagayen da aka ƙara bayan na uku, ɓargo ƙara gajiya yake yi.

Wannan ya kawo mu kan kuskuren da ya fi zaɓin haɗi tsada, wato a fara kemon ba a san inda za a yi dashen ba. Sauƙin da wannan kemo ke kawowa ba ya daɗewa, makonni kaɗan ake so tsakanin zagayen ƙarshe da BEAM. An yi dashen ɓargo na farko a Najeriya a 2011 a asibitin koyarwa na Jami'ar Benin, na mai sikila ne, amma masu limfoma da dama ƙasashen waje irin su Indiya ko Masar ko Turkiyya ko Saudiyya suke nufa. In sai bayan kumburi ya sace aka fara neman biza da haɗa kuɗi, cutar na iya dawowa kafin a hau jirgi, kuma a karo na uku ta fi wuyar lanƙwasawa. A tuntuɓi cibiyar dashen tun ranar da aka tabbatar cutar ta dawo, a tambaye su haɗin da suka fi so da ranar da suke son ganin majinyaci, domin a can za a ɗebi ƙwayoyin. In za a tafi, a riƙe ainihin tsokar da aka yanka, wadda ɗakin gwaji ya daskarar cikin kakin zuma, ba takardar sakamako kaɗai ba, da faifan hotunan farko da na yanzu, da takardar da ta nuna jimillar doksorubisin da aka sha da kwanan watan kowane zagaye.